Kalmasar Rigar Siririya

"Ɗaga hannu," in ji Gwaggo. "Ba na ce ki miƙe ba? Kin wani ranƙwafe kamar tsohuwa."

"Na miƙe fa, Gwaggo. Iyakata ke nan."

Gwaggo ta zagaya tef ɗin awo a ƙirjin yarinyar, ta sauke tabarau kan hanci ta duba. Awon bara ne. Ta auna kafaɗa, na bara. Ta ja tef daga wuya zuwa gwiwa, nan ma ko ɗigo bai ƙaru ba. Sai ta shiga naɗe tef a yatsa, don ba ta san abin da ake ce wa 'yar shekara tara da awonta ya tsaya cak tun tana 'yar shida ba.

"Na ƙaru?"

"Bakinki dai ya ƙaru. Juya."

Siririya ake ce wa yarinyar, kuma sunan ya bi jiki. 'Yar Mai Firji ce, wanda ɗakinsa ke kallon na Gwaggo a saman bene, baranda ɗaya ta haɗa su. Uwarta ta rasu tun tana goye, shi ya sa tun da ta fara tafiya rabin yininta a gindin keken ɗinkin Gwaggo take yi, tana tsince ƙyallaye tana zuba surutu. Gwaggo kuwa tela ce ta tun fil azal, ba ta da ɗa ba ta da jika a kusa, kuma duk gidan hayar, babba da yaro, Gwaggo suke ce mata, in ban da Mai Firji da ke ce mata Yaya.

Tana da wata ɗabi'a a ɗinki da iyayen yara suka san ta da ita. Ba ta yanka rigar yaro daidai tsawonsa. Sai ta bar yadi faɗin tafin hannu a ƙasa, ta kalmashe shi ciki, ta kama da zare mai sauƙin warwara. In shekara ta zagayo gwiwa ta fara leƙowa, a kawo mata ta saki kalmasar, riga ta koma kamar an yi sabuwa. Ta saki kalmasar yaran unguwar nan ba adadi, har da waɗanda yanzu su ke kawo nasu 'ya'yan. Ta Siririya ce kaɗai ba a taɓa kawo mata ba. Rigar makarantarta ta koɗe ne kawai, shuɗin ya zama fari-fari, shi ya sa uban ya sayo sabon yadi.

Da ta ɗaga singiletin yarinyar don ta auna ƙugu, hannunta ya tsaya. Bayan Siririya duk tabo ne, baƙi-baƙi, jini ya taru a ƙarƙashin fata, wasu sababbi wasu sun fara bajewa.

"Wa ya dake ki?"

"Ba kowa."

"Kada ki yi mini ƙarya. Babanki ne?"

Yarinyar ta tuntsire da dariya har tana riƙe ciki. "Baba? Baban da ko sauro sai ya ba shi haƙuri kafin ya kore shi?"

Gwaggo ba ta ga abin dariya ba. Ta kama damtsenta ta juyo da ita, ta tsare ta da ido, ta sake tambaya. Amsar ba ta canza ba. Ta sake ta, ta yafa mayafi, ta sauka ƙasa da zuciya a wuya.

Shagon Mai Firji a gindin benen yake, cike da matattun firji, wasu ba ƙofa, wasu an kwantar da su an zaro musu kayan ciki. Ta same shi durƙushe bayan wani, yana sauraron inji da kunne kamar mai jiran a raɗa masa magana. Mutum ne dogo mai sanyin murya, irin wanda in ka taka ƙafarsa shi zai fara cewa yi haƙuri.

"Baban Siririya, mene ne a bayan yarinyar nan?"

Ya miƙe yana goge hannu a tsumma. Bai yi fushi ba, abin da ya ƙara ɓata wa Gwaggo rai ke nan, don ta zo da shirin faɗa.

"Yaya, haka take yi kwanan nan. Ko a kan tabarma ta kwanta sai ta tashi da shati. Kin taɓa ta yau?"

"Na kama hannunta. Sai me?"

"To ki duba wurin gobe."

Washegari Siririya ta shigo da kofin shayinta, ta ɗaga hannun riga da kanta tana murmushi kamar mai nuna kyauta. A damtsenta shatin yatsu ne reras, ga babban yatsa ta baya. Gwaggo ta ɗora hannunta a kai, ya zauna daidai. Kunya ta rufe ta, tsoro ya biyo baya, kuma tsoron ya fi kunyar nauyi.

Ciwon Siririya ba sabo ba ne, kowa a gidan ya san shi. Ciwon hanji ne da ya kama ta tun tana ƙarama ya ƙi saki. Abinci ba ya zama a cikinta, yadda ya shiga haka yake neman hanya, wani lokaci da jini. In ya motsa sai ta yi sati ba makaranta, tana naɗe a katifa, fo a gefenta saboda banɗakin gidan yana can ƙasa. Uban ya yi iya yinsa, ta hanyar da ya sani. Duk abin da ta ci cikin ya tashi, sai ya soke shi daga gidan. Madara ta fara tafiya, ƙwai ya bi ta, sai kifi, sai ganye, sai duk abin da ya ga mai. A ƙarshe aka bar yarinya da farar shinkafa, burodi da shayi, ita kuma ta ce ta zama fursunar da ba ta saci komai ba.

Asibiti kuwa bai taɓa fashi ba. Duk ranar da aka rubuta masa a kati yakan rufe shago, ya goya ta a babur su tafi wurin likitar hanji. Likitar ta ce jikin yarinyar yana ƙarancin bitamin saboda hanjin ba ya tsotse amfanin abinci, ta rubuta ƙwayoyi, ja da rawaya. Mai Firji ya zuba su a gwangwanin madarar da aka daina sha, kuma ko gobara ake yi sai ya ba ta safe da yamma. Gwaggo tana jiyo su ta baranda kullum.

"Haɗiye. Buɗe baki in gani. Ɗaga harshe."

"Baba, ni fa ba ɓarauniyar magani ba ce."

Amma magani yana shiga, yarinya tana ƙarewa. Gashinta ya yi ja ya fara zuba. Gefen bakinta ya tsage ya ƙi warkewa. In ta gatsi burodi sai ka ga jinin dasashi a jikinsa. Hawan bene ya zama sai ta huta a tsakiya, tana cewa ƙasusuwanta ne ke mata tsami.

Akwai aikin da Siririya ta riƙe a ɗakin Gwaggo ba ta yarda kowa ya taɓa: zura zare a allura. Idon Gwaggo ya tsufa, da zarar rana ta yi sanyi ramin allura yakan ɓace mata. Sai ta miƙa, yarinyar ta lashi bakin zare ta zura tashi ɗaya, ta ce a biya ta ladan ido. Wata yamma, hasken taga bai gama tafiya ba, Gwaggo ta miƙa mata kamar kullum. Ta lasa, ta kai, ta kuskure. Ta sake. Ta matsa bakin taga ta sake.

"Wannan allurar ba ta da rami, Gwaggo. An cuce ki."

"Kawo nan, sarkin iyayi."

Yarinyar ta juyo za ta miƙo, ta yi karo da keken ɗinki, keken da ta girma a gindinsa. Ta tsaya tana lalube da hannu. Nan Gwaggo ta gane dundumi ne, ciwon da ke hana gani in haske ya ragu, kuma ta gane ba yau ya fara ba, ɓoyewa ake yi.

Ana haka aka kira Mai Firji wani aiki a bayan gari, na gyaran injin wani ɗakin sanyi, wanda zai cinye masa yini. Cikin Siririya kuma ya motsa tun safe. Ya tsaya a ƙofar Gwaggo yana sosa ƙeya, ya kasa faɗin abin da ya kawo shi.

"Je ka abinka," ta ce. "Na wanke fo tun kafin a haife ka."

"A'a Yaya, ki bar shi a rufe, in na dawo zan..."

"Na ce ka tafi."

Da rana ta ɗauki fo ta sauka banɗaki. Ta buɗe za ta juye, sai ta ga wani abu ja yana yawo a sama, ga wani rawaya kusa da shi. Ta gyara tabarau. Ƙwayoyin safe ne, yadda aka haɗiye su haka suka fito, ko gefensu bai ci ba. Ta nemi tsinke ta danne jar a jikin siminti. Ta fashe, garin ciki ya zubo a bushe.

Ta jira shi a shago. Da ya kashe babur ba ta bari ya sauke jakar kayan aiki ba.

"Ka san maganin nan fitowa yake yi?"

Ya sunkuyar da kai. "Na sani."

"Tun yaushe?"

"Da farko jefi-jefi ne. Daga baya ya zama kullum."

"Likita ta ce me?"

Ya ɗauki wata waya daga ƙasa yana lanƙwasa ta. "Ban faɗa mata ba. Na tambayi wani mai shagon magani, ya ce ɓawon ne kawai ke fitowa, ƙarfin yana zama a jiki."

"Na fasa ɗaya. Garin yana ciki, ko jiƙewa bai yi ba."

Ya ɗago ya dube ta. Ya ce, "Yaya, mace ce, ba ta wuce ƙanwata ba. Ga ɗalibai tsaye a bayanta, ga layi a waje kowa yana jira in fito. Sai in buɗe baki in fara kwatanta abin da ke cikin fo? Abu ɗaya take tambayata, tana shan maganin? In ce tana sha. Ban taɓa yi mata ƙarya ba."

Gwaggo ta so ta zage shi, zagin ya ƙi fitowa. Mutumin nan shekara da shekaru yana wanke fo da hannunsa, yana shanya zanin gado kafin gidan ya tashi don kada a gani a tsokani 'yarsa. Kunyar da ta sa kowa ke yabonsa ita ce ta rufe masa baki a inda ba a rufewa.

"Gobe mu je tare. Ni ba ni da kunyar kashi."

"Ba a ganin ta sai ranar da ke kan kati. In ka je kafin nan ko bene ba za a bar ka ka hau ba. Alhamis mai zuwa ce ranarmu."

Ta amince. A ranta ta ce abin da aka daɗe ana yi, 'yan kwanaki ba za su ƙara masa komai ba.

A kwanakin nan wani ƙarfi ya zo wa Gwaggo. An gano inda ɓarakar take, saura a ɗinke. Ta ajiye ɗinkin mutane ta yanka sabuwar rigar makarantar, kuma wannan karon kalmasar da ta bari ta fi tafin hannu. Siririya ta ɗaga ƙasan rigar ta leƙa.

"Gwaggo, wannan ai har aurena ba zan cinye shi ba."

"Ki zuba ido. Badi war haka kina roƙona in saki."

"In na yi tsawo zan riƙa ɗauko miki kaya a saman kwaba. Amma ba kyauta ba."

Ranar Talata da magariba aka ɗauke wuta. Siririya ta ji ƙarar babur ɗin babanta, ta tashi ta tare shi kamar yadda ta saba. Ta san benen nan da ƙafa, ta sauka lafiya har ƙasa, matakalar ƙarshe ce ta ɗauka ta ƙare alhali da saura. Ta faɗi, gefen kanta ya bugi bango. Ba wata faɗuwa ba ce, yaran gidan suna yin wadda ta fi ta kullum su tashi su ci gaba da gudu. Ita ma ta tashi tana dariya, ta ce bangon ne ya tare mata hanya. Gwaggo ta haska da tocila, ɗan ƙulu ne kawai, ta shafa mata man zafi.

Da safe ta ce kanta yana ciwo. Ta sha shayi ta amayar. Kafin hantsi maganarta ta fara nauyi, tana amsawa kamar daga cikin barci. Mai Firji ya leƙo ɗakin Gwaggo, fuskarsa ba jini.

"Yaya, zo ki gani. Ina tashin ta tana komawa."

A motar haya suka tafi, yarinyar a kan cinyar Gwaggo, ba ta fi nauyin ƙullin wanki ba. A ɗakin gaggawa aka kwantar da ita, aka ɗebi jini, wurin da aka soka allurar ya ƙi tsayawa, auduga tana jiƙewa ana canzawa. Aka tura ta hoton kai. Aka kira likitar hanji ta sauko, mace siririya ita ma, idanunta duk gajiya. Ta duba tabon bayan, ta duba dasashi, ta juyo wurin uban.

"Tana shan magungunanta?"

"Tana sha," in ji Mai Firji.

"Tana sha, amma ba sa zama," Gwaggo ta ce, da ƙarfin da ya sa nas ta waiwayo. "Yadda ta haɗiye su haka suke fitowa a fo, ja da rawaya, garinsu a bushe. Ni na gani da idona."

Likitar ta tsaya da abin da take yi. "Tun yaushe?"

"Ya daɗe," uban ya ce, yana kallon ƙasa.

Ba ta yi masa faɗa ba. Ta rufe ido ta murza goshi, sannan ta ce a hankali, "Ni ma ban tambaya ba." Ta yi wa nas magana, ta juyo ta yi musu bayani da kalmomin da za su gane. Cikin abubuwan da jikin ya rasa akwai wanda ke sa jini ya daskare. Shi ya sa take tabo, shi ya sa ɗan bugun jiya ya buɗe jijiya a cikin kai, jini yana zuba tun daren bai tsaya ba.

Nas ta dawo da wata 'yar kwalba, ba ta kai ƙaramin yatsa ba. Ta fasa wuyanta, ta zuƙe ruwan a sirinji.

"Mene ne wannan?" in ji Mai Firji.

"Bitamin ɗin ne. Wanda hanjinsa ba ya karɓa ta baki, ta allura ake ba shi."

Ya bi fasasshiyar kwalbar da ido har aka jefa ta a kwandon shara. "Shi ke nan? Wannan ɗin?"

"Da shi, da sauran, a kai a kai."

"To yanzu tun da an yi mata..."

Likitar ta dubi yarinyar, ba ta dube shi ba. "Jinin da ya taru yana da yawa. Za mu yi duk abin da za mu iya."

Sun yi. An sa mata jini, an sa ruwa, an yi ta waya ana neman likitan da zai buɗe kai, aka ce jikinta ba zai ɗauki aikin ba sai jinin ya fara kamawa. Gwaggo ta zauna a gefen gado tana riƙe da hannun da yatsu biyu kawai, don tsoron barin shati. Siririya ba ta sake buɗe ido ba. Da la'asar numfashinta ya riƙa yin nisa da juna, har aka jira na gaba bai zo ba. Alhamis ɗin da suke ta jira, baranda cike take da masu gaisuwa.

Gidan ya koma harkarsa, don gidan haya ba ya daɗewa yana makoki. Mai Firji ya buɗe shago, yana durƙusawa bayan injuna, sai dai yanzu yakan daɗe a durƙushe ko da injin ya tashi. Gwangwanin ƙwayoyin yana nan a kan tagarsa, Gwaggo tana hango shi duk lokacin da ta fito shanya. Ba su taɓa tayar da maganar fo ba, ba su taɓa tayar da maganar Alhamis ba. In sun haɗu a bene sukan gaisa, kowa ya matsa wa ɗan'uwansa hanya fiye da yadda ake buƙata.

Wata yamma ya yi sallama a ƙofarta da abu a naɗe a leda.

"Yaya, sababbin 'yan hayar nan na ƙasa, 'yarsu za ta shiga aji ɗaya, ba su yi mata riga ba. Na ce ga wannan." Ya ajiye a kan keke. Tsohuwar rigar ce, koɗaɗɗiyar. "Sabuwar na bar ta a akwati. An gwada mata wannan, ta ɗan ɗage. Sai an saki ƙasa."

"Shekarar yarinyar nawa?"

"Shida, in ji uwarta."

Ya tsaya kamar zai ƙara wani abu, sai ya ce a huta lafiya, ya ja mata ƙofa.

Gwaggo ta shimfiɗa rigar a cinya. A aljihu ta sami guntun alli da wani maɓalli da ta daɗe tana nema. Ta juya ƙasan, ta sa bakin reza ta tsinke ƙullin da ta yi da hannunta shekarun baya, ta ja zaren. Ya biyo hannunta salin alin, yadda ta tsara shi ya yi. Kalmasar ta buɗe ta sauko kan gwiwarta, faɗin tafin hannu, shuɗi shar, bai taɓa ganin rana ko sabulu ba.

Saura a kama sabon baki. Ta ɗauko allura, ta lashi zare, ta matsa bakin taga. Hasken ya riga ya yi ƙasa. Ta kai, ta kuskure, ta sake kaiwa. Sai ta sauke hannu ta zauna a haka, allura a dama, zare a hagu, rigar a cinyarta.